Mama ta karye a ƙugu bayan ta daina al'ada: ko akwai alaƙa?

'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Kin ce santsi kawai ya kwashe ta a bakin rijiya can Gombe, ƙugu ya karye, kuma shekara tara ke nan da ɗaukewar al'adarta. Eh, akwai alaƙa sosai.

Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. Sinadarin istirojin da ƙwan mace ke fitarwa shi ke taka wa rushewar birki. Da al'ada ta ɗauke sai ya ragu, ƙashi ya riƙa zaizayewa ta ciki kamar itacen da gara ta ci, ba ciwo ba alama, sai ranar da aka faɗi. Wani babban bincike a Amurka kan mata fiye da 16,000, wanda aka bayyana a 2002, ya nuna maganin homon, wato mai maye gurbin istirojin da ya ragu, ya rage karayar ƙugu da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma ya ƙara haɗarin daskarewar jini da sankarar mama. Don haka kada ki saya mata a kemis.

Abin da ya fi damuna shi ne dexamethasone da prednisolone da matanmu ke sha don ƙiba ko ciwon gwiwa. Wallahi suna cinye ƙashi, suna tayar da suga. Ki duba ledar magungunanta, in akwai su ki nuna wa likita, kada a tsayar lokaci guda.

Ki kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya, a duba maƙoƙo in tana rama da bugun zuciya, don shi ma yana iya cinye ƙashi. Kindirmo, zogale da hantsin safe su zama na kullum don ƙarfafa ƙashi.