Shin Agola Yana Da Gado a Dukiyar Mijin Mahaifiyarsa?

Tambaya: Malam, ina ɗan shekara huɗu mahaifiyata ta auri wani Alhaji a Ƙofar Marusa. Shi ya yi mini kaciya, ya sa ni makaranta, ya yi mini aure. Shekara 18 ina tsare masa shagon atamfa a babbar kasuwar Katsina, kuma ya sha cewa shagon nawa ne. Ya rasu ya bar mahaifiyata da 'ya'ya biyar, maza biyu, mata uku. Yanzu sun ce in miƙa makulli, wai agola ba ya gado. Haka ne?

Amsa: Allah ya jiƙan Alhaji, ya saka masa riƙon da ya yi maka. Ɗana, ba zan ɓoye maka ba, a kan gado sun faɗi gaskiya. Gado yana tabbata ne da nasaba, ko aure, ko wala'in 'yanta bawa, kuma babu ko ɗaya tsakaninka da shi. Ayoyin rabo a Suratun Nisa'i, ta 11 da 12 da 176, ba su ambaci agola ba. Zaidu ɗan Harisa ma, ɗan riƙon Annabi (SAW) da ake ce masa ɗan Muhammadu, Suratul Ahzabi ta mayar da nasabarsa ga ubansa. Wannan ba ƙasƙanci ba ne. Umar ɗan Abu Salama agola ne a gidan Annabi (SAW), a akushi ɗaya suke cin abinci, Annabi yana koya masa ambaton Allah da ci da hannun dama.

Amma maganar shago daban ce, kuma a nan nake ganin 'yan'uwanka sun yi gaggawa. Ka tuna lafazin Alhaji sosai. In cewa ya yi "na ba ka", kyauta ce, ita kuwa a mazhabar Malikiyya ba ta cika sai da hauzi: ka karɓi abin, ya fita daga hannunsa tun yana da lafiya. In har ya rasu kana kai masa lissafin ciniki duk yamma, riƙon makulli kaɗai ba hauzi ba ne, domin a matsayin wakili ka riƙe. In kuwa cewa ya yi "bayan raina naka ne", wasiyya ce, kuma ta inganta a gare ka daidai saboda kai ba magaji ba ne. Iyakarta sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyar, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abu Waƙƙas a Buhari da Muslim, kuma ba a buƙatar yardar magada.

Ga misali. A ce bayan jana'iza da biyan bashi dukiyar ta kai naira miliyan 20, shagon miliyan 4. Bai kai sulusi ba, sai a fitar maka da shi kafin rabo. Cikin miliyan 16 da suka rage, mahaifiyarka tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, miliyan 2, kowane namiji miliyan 4, kowace mace miliyan 2. Haka in ka zuba kuɗinka a jarin, ko akwai ladan aiki da kuka yi yarjejeniya bai biya ba, bashi ne, kuma bashi yana gaban wasiyya da gado.

Duk wannan sai da hujja: shaidu biyu adalai, ko shaida ɗaya da rantsuwarka, tunda magana ce ta dukiya. Ka nemi maƙwabtan shago da suka ji da kunnensu. Ka fara da dattawan gida. In abin ya faskara, kotun shari'ar Musulunci tana nan. Kada ka taɓa ko yadi ɗaya kafin a yanke.

Su kuma magada, in shaida ta gagara, ina roƙonsu su karanta aya ta 8 a Nisa'i, mai umarnin a ba dangi da marayu da miskinai da suka halarci rabo wani abu, su ba ka wani abu daga kason manya, ban da na ƙananan yara. Zuciyata tana sosuwa duk sanda na ga mutumin da ya ɗauki makarar mamaci yana kuka, ana karɓe masa makulli tun tabarmar zaman makoki ba a naɗe ba. Wallahu a'alam.