Na'urar intanet ta gida da ta ofis: wacce ta dace?

Malam, ka tambaya ko irin na'urar da kamfanin intanet ya ba ka za ta wadatar da gidanka da kuma ofishinka mai ma'aikata ashirin. A gida za ta wadatar, muddin tana watsa Wi-Fi a zangon 5 GHz ban da na 2.4 GHz, kuma tana da tsarin tsaro na WPA3 ko aƙalla WPA2. Ka dai canza kalmar sirrin da ta zo da ita tun ranar farko.

Ofis kuwa lamarinsa daban ne, domin wannan ƙaramin akwati shi ke karɓo intanet, shi ke watsa Wi-Fi, shi ne kuma mai gadin ƙofa, kuma idan mutum ashirin suka shiga taron bidiyo lokaci guda, za ka taɓa shi ka ji ya ɗau zafi, murya kuma ta fara yankewa. Shawarata ita ce ka raba ayyukan: rawuta, wato na'urar da ke karɓo intanet ta rarraba wa sauran na'urori, mai ƙarfin tsaro wadda ke karɓar layin intanet biyu, domin idan ɗaya ya ɗauke ɗayan ya ci gaba, sai na'urorin watsa Wi-Fi da za a liƙa a rufi, suna samun wuta ta cikin wayar sadarwar kanta. Kada tsawon kowace waya ya wuce mita 100.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙin da za su hau Wi-Fi ɗin ofis. Ka ware musu hanyarsu daban da ta kwamfutocin lissafin kuɗi, kuma kafin ka saya ka tabbata kamfanin yana ci gaba da sabunta manhajar na'urar.