Na'urar ajiyar fayil tana shanye batirin sola, ya za a yi?

Malam, ka ce tsohuwar kwamfutar tebur ka mayar ma'ajiyar fayil ta gida kuma kafin asuba batiri ya mutu, to wallahi ita ce matsalar. Irin su ko ba sa aikin komai suna jan wat 60 zuwa sama, a awa 12 na dare wat-awa 720 kenan, alhali batirin 200Ah mai 12V rabinsa kawai ya kamata ka taɓa, wajen wat-awa 1,200, ka ga ita kaɗai ta cinye fiye da rabin wannan.

Ni a Gusau Raspberry Pi na koma, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, shi wat 5 ma ya ishe shi, na haɗa masa ƙaramin hadis (hard disk, wato faifan ajiyar fayil) irin na laftop da ke cin kamar wat 2, babban kuwa yakan kai 6 zuwa 8. Ka saita hadis ɗin ya riƙa barci in an yi minti 30 ba a taɓa shi ba, amma kar ka sa minti 5, yawan kwanciya da tashi yana gajiyar da shi. In dare ya yi kowa ya kwanta ka kashe na'urar gaba ɗaya.

Fanka dai kar ka cire don ragin wuta, ka san zafin watan Afrilu a nan, kuma ka riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu.