Jan ɗigo a faranti bai isa ka rubuta E. coli ba

Ɗana, ka tambaye ni ko ka rubuta E. coli, ƙwayar bakteriyar nan ta hanji, a littafin aiki, tunda abin da ya tsiro daga hanjin dodon koɗin nan ya fito ja a farantin MacConkey, wato farantin abincin da muke shuka bakteriya a kai. Ajiye biron tukuna. Jan nan abu ɗaya ya gaya maka: ƙwayar tana cin sukarin madara, tana fitar da tsami, tsamin ne ya juya launin. Ƙwayar Klebsiella na yin haka, Enterobacter ma haka, kuma dukansu ana samunsu a cikin dodon koɗi. Ba kowane mai jan rawani ne dogari ba.

Kafin ma a kai ga suna, ka tabbata daga hanjin ta fito? A lambunan fadamar Birnin Kebbi aka tsinto dabbobin nan, sun kwana suna jan ciki a kan taki da laka. In ba ka wanke katantanwar ka goge ta da ethanol mai kashi 70 ba, in kuma da wuƙar da ka fasa ɓawon ka tsaga hanjin, to ƙasar lambu ka shuka. Shi ya sa nake sa a bar su kwana ɗaya ko biyu ba abinci, abin da suka haɗiya a hanya ya fice.

Yanzu ƙona waya ta yi ja, bari ta huce, ka taɓa ɗigo guda ka ɗaga a hankali. In ya biyo wayar da yauƙi, yana ƙyalli, zuciyata Klebsiella take kaiwa. Amma zato ne kawai. Ɗauki ɗigon ka zana shi a sabon faranti, gobe ka duba, sai ya fito iri ɗaya tak sannan a gwada. Gwaji a kan gauraye ɓarnar sinadari ce, ga shi kuma da tsada.

Rinin Gram, wanda Hans Christian Gram na ƙasar Denmak ya fito da shi a 1884, shi ne zai raba maka su gida biyu, masu riƙe shuɗi da masu komawa ja. Ka yi shi da tsiron da bai wuce awa 24 ba, kuma kada hannunka ya yi nauyi wajen wankewa da ethanol. Daƙiƙa kaɗan ka ƙara, mai shuɗi ma sai ta koma ja ta yi maka ƙarya.

In ka ga jajayen sanduna a na'urar duba ƙwayoyi, yi gwajin oxidase, wato ka shafa ɗigon a takarda mai sinadari. Takarda ta yi shuɗi cikin daƙiƙa 10, ka bar dangin E. coli ke nan, sai ka nemi Aeromonas ko Pseudomonas. In ba ta canza ba, gwajin indole da na citrate, waɗanda ake yi a kwalba, su ne alƙalai. E. coli tana ba da jan zobe a saman kwalbar indole, ta bar citrate kore yadda yake. Yawancin Klebsiella da Enterobacter akasin haka suke, citrate ɗinsu shuɗi yake komawa. Su biyun kuma motsi ke raba su: Enterobacter na yawo, Klebsiella a zaune take.

Wani abu da yara ke mantawa, dodon koɗi ba shi da zafin jikin mutum. Inkubetarmu a digiri 37 take saboda samfurin asibiti. Ajiye faranti na biyu a 28 zuwa 30, za ka ga waɗanda zafin ya hana fitowa.

Duk da haka gwaje-gwajenmu yawanci a sunan dangi suke tsayawa. Mai son cikakken suna sai ya aika a karanta 16S rRNA, wani yanki na bayanan halittar ƙwayar, harafi wajen 1,500. Kafin nan ka rubuta abin da idonka ya gani, da fensir: ɗigo ja, mai yauƙi, awa nawa, zafi nawa. Jeka ka zuba faranti biyu, da safe mu yi Gram tare.