Katin bai mutu ba, karanta lambar da kyau

Ka ce injin mai gidan wasannin nan na Wadata yana ɗauke da katin hoto GTX 1060, ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto, ya nuna maka x4 1.1 maimakon x16 3.0, kana tambaya ko ka gaya masa ya tafi kasuwar Katako ya nemo wani. Kada ka gaya masa komai tukuna, ɗana. Jawo kujera.

Lambobi biyu ne a wurin, kai ka haɗe su ka yi musu hukunci ɗaya. Ta farko, x16 ko x4, yawan layukan da katin yake magana da firosesa ta cikinsu ne. Ta biyu, 3.0 ko 1.1, gudun kowane layi. Waɗannan layukan su ake kira PCIe, kuma a PCIe 1.1 layi guda yana ɗaukar megabayit 250 a sakan, a 2.0 ya zama 500, a 3.0 ya kusa 1,000. To, katin da ba ya aikin komai yakan sauke gudunsa da kansa don kada ya sha kuran a banza. Wannan 1.1 ɗin barci ne kawai. Akwai 'yar alamar tambaya a gefen lambar. Danna ta, ka kunna gwajin, ka zuba ido. In ta haura 3.0, rabin damuwarka ta tafi.

Ita x4 ɗin ce abin dubawa, don ita ba ta cika sauka saboda barci ba.

Fara da ramin. Allon uwa, wato babban allon da ake sa kati a kansa, da yawa suna da dogayen ramuka biyu masu kama ɗaya, amma na ƙasa tsawo ne kawai, layi huɗu aka ja masa. Haska shi da tocila, sau da yawa za ka ga ƙarafunan cikinsa sun ƙare tun ba a kai rabi ba. Na sama, kusa da firosesa, shi ne na katin hoto. Mutane kan mayar da kati ƙasa wai don ya sha iska, su dawo suna cewa inji ya yi nauyi.

In yana sama, kashe inji, zare waya daga bango, ka cire shi. Ramin x16 yana da haƙora 164, kuma layukan ƙarshe suna can wajen wutsiya, inda makullin roba yake. Kati mai nauyi in ya sunkuya, ko wutsiyar ba ta shiga ba, sai inji ya ƙirga layukan da suka amsa ya yi aiki da su, takwas ko huɗu, bai ce maka uffan ba. Ga kuma ƙurar Yamai, wadda kai ma ka san abin da take yi wa hancinka lokacin hunturu. Hure ramin, ka goge haƙoran zinariyar da alkol da ƙyalle mai tsabta. Ban ce wuƙa ba, ban ce bakin turnabis ba. Mayar da shi har ka ji makullin ya ce ƙas, sannan ka ɗaure kusar.

Kafin ka mayar, kawo shi gaban fitila. Sama kaɗan da haƙoran akwai 'yan kondansata, ƙananan kayan lantarki da saƙon kowane layi ke bi ta cikinsu, jere bibbiyu, ba su kai ƙwayar gero ba. Na taɓa kwana biyu a kan wani kati, na sake direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, na sake Windows, ashe guda ɗaya ce ta ɓalle lokacin da mai shi ya fizgo katin. Waɗannan katunan na hannu da ake shigowa da su cikin kwali ɗaya suna gugar juna, abin ba ya wuya.

Sai BIOS, wato saitin allon da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka mayar da saitin ramin kan Auto. Ka kuma duba littafin allon, don a wasu in ka sa faifan ajiya na M.2 a wani gurbi yakan ci daga layukan katin. Firosesa ma: Ryzen 3 2200G takwas kawai yake ba kati, katunan RTX 4060 da RX 6600 kuwa da layi takwas aka ƙera su, ba ciwo ba ne. Kuma tsakanin x16 da x8 a 3.0, mai wasa da wuya ya ji bambanci. Huɗu ne ke sa hoto tsalle-tsalle.

In duk wannan bai yi ba, sa katin a injinmu na gwaji. Ya nuna x16 a can, laifin allo ne ko lanƙwasasshen haƙori a mazaunin firosesa, kuma wannan kada ka buɗe shi sai ina tsaye. Ɗauko tocilar, mu fara da ramin.