Dalilin da ya sa zaren X-ray na Guitar Nebula ya karkace

Ɗan'uwa, ka ce a hoton da na'urar Chandra (madubin hangen nesa na X-ray da ke sararin samaniya) ta ɗauka na Guitar Nebula, wato gajimaren iskar nan mai siffar gita, zaren hasken X-ray ya nufi gefe, bai bi bayan tauraron da ke gudu ba.

Tauraron nan, PSR B2224+65, fulsa ce, wato ragowar tauraron da ya fashe. Tana gudun fiye da kilomita 700 a daƙiƙa ɗaya, tana tura iskar haidirojin kamar yadda kwalekwale ke tsaga ruwa. Siffar gitar nan daga wannan iskar take, kuma da hasken da ido ke gani aka ɗauke ta. Mutane da yawa suna ɗauka X-ray ce. Ba ita ba ce.

Zaren kuwa, bayanin da ya fi karɓuwa shi ne ƙwayoyin elektron masu tsananin kuzari ke sulalewa daga gaban tauraron, su bi layin maganaɗisun sararin, suna fitar da X-ray. Maganaɗisun ke ja musu gora, shi ya sa zaren ya bi layinsa maimakon bayan tauraron.

Bayanan Chandra kyauta ne, haka ma CIAO, manhajar da ake nazarinsu da ita. Sai dai hasken zaren ƙalilan ne ƙwarai, don haka wajen auna kuzarinsa ka nemi malamin kimiyyar taurari ya duba maka.