Tambaya da Amsa: Yaran Shago da Shirin Tunkarar Bala'i

Tambaya: Malam, ni yaron shago ne a Kantin Kwari. Shin irinmu muna da rawar takawa wajen kare kasuwa daga bala'i? Daga mai karatu a Fagge.

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar da ta jiƙa atamfa da shadda a kasuwarku a 2022 sun nuna cewa wanda ya kashe wutar lantarki kafin ya kulle shago, ya ɗora dila bisa katako, ya kuma yashe magudanar ruwa kafin damina, ya rage wa jami'an kashe gobara da hukumar agajin gaggawa aiki. Bayan asara kuma, littafin bashin da ka adana a gida ne zai taimaki maigidanka ya karɓo kuɗinsa ya sake saro kaya.